Matasa 48 na Misuri: yadda aka koma cikin gida don gyara yaran da suka aikata laifin lalata

Kotun yara ta garin Kolumbiya, a tsakiyar jihar Misuri ta Amurka, ta miƙa wa wata tawagar masana halayyar ɗan Adam matasa 48 waɗanda duk an kama su da babban laifin lalata. Matsakaicin shekarunsu 14, kuma kusan dukansu maza ne. Ba baƙin 'yan sanda ba ne, domin in aka raba adadin kamun da aka taɓa yi musu, kowane ɗaya ya haura sau huɗu, wani kamun a kan lalata, wani a kan sauran manyan laifuka. Jagoran tawagar, Farfesa Charles Borduin na Jami'ar Misuri, ya raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 24 nan, 24 can, don kada a ce an tsince masu sauƙin sha'ani an tara su wuri guda.

Rukuni na farko aka yi musu abin da aka saba yi a yankin: zaman taro sau biyu a mako tare da wasu yaran masu irin laifinsu, da ganawa da mai ba da shawara sau ɗaya a mako, duk a ofis. Rukuni na biyu kuwa ma'aikatan ne suka riƙa bin su har gida, suna zama da iyaye, suna leƙa makaranta, suna bin diddigin abokan da yaro yake yawo da su. Wannan tsari na biyu shi ake kira Multisystemic Therapy da Turanci, MST a taƙaice, wato gyaran yaro ta hanyar aiki da duk waɗanda ke kewaye da shi. Kowane rukuni ya ɗauki kimanin wata bakwai. Daga nan aka zuba ido, aka ci gaba da duba kundin kotu da na 'yan sanda shekara da shekaru.

Tsarin da aka ara daga manya

Mutane da yawa in an ce mai lalata da yara, wani ƙaton baƙo suke hangowa. Alƙaluman 'yan sandan Amurka da masanin bincike David Finkelhor da abokan aikinsa suka tantance a 2009 sun nuna wani abu dabam: fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka sani sun ci zarafin yara ta wannan hanya su ma ba su kai shekara 18 ba, kuma abin ya fi tashi tsakanin shekara 12 zuwa 14. Galibi yaro ne da wanda aka cutar ya sani, ɗan gida ko ɗan maƙwabta ko ɗan makarantarsu.

Da shirye-shiryen gyaran irin waɗannan matasa suka fara yawaita a shekarun 1980, babu wani tsari nasu na kansu. Sai aka ɗauko wanda ake yi wa manyan fursunoni aka ɗora musu. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne, wannan yaro ya riga ya kamu da wata muguwar ɗabi'a da ba ta warkewa, iyakaci dai a koya masa danne ta har ƙarshen rayuwarsa, kamar yadda ake koya wa mai shaye-shaye gujewa komawa ruwa. Saboda haka sai a tara yaran a ɗaki ɗaya, kowa ya zayyana abin da ya yi a gaban saura, a matsa masa har sai ya amsa, wasu wuraren ma a ɗaura masa na'urar gano ƙarya. Da yawa an raba su da gida an kai su cibiyoyin kwana na shekara ɗaya ko biyu. Iyaye kuwa aikinsu bai wuce kawo yaro da ɗaukar yaro ba.

Sannu a hankali bincike ya rushe tubalin wannan tunani. Wani masani, Michael Caldwell, ya tattara nazarce-nazarce 106 da suka shafi matasa sama da 33,000, ya fitar da sakamakon a 2016: waɗanda suka sake aikata laifin lalata ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, a nazarin baya-bayan nan ma ƙasa da kashi 3. Waɗannan alƙaluma na waɗanda aka kama ne, kuma kowa ya san laifin lalata ya fi kowane laifi ɓoyuwa, don haka adadin gaskiya ya ɗara haka. Duk da haka tazarar da ke tsakanin wannan da zancen “ba sa warkewa” tana da faɗi. Abin da ya fi yawa shi ne yaron ya sake faɗawa hannun hukuma a kan sata ko faɗa ko ƙwaya. Wato ta fuskoki da dama ya fi kama da sauran kangararrun yara fiye da babban mutum mai farautar ƙananan yara. Michael Seto da Martin Lalumière, a nazarinsu na 2010, sun gano inda suka bambanta da sauran kangararru: sun fi yawan waɗanda su ma an taɓa lalata da su, sun fi zama saniyar ware cikin sa'o'insu, an fi bijirar da su ga hotunan batsa tun suna ƙanana, wasunsu kuma suna da sha'awar da ta kauce hanya.

Akwai kuma matsalar taron kansa. Masu nazarin kangarar yara sun daɗe da lura cewa in ka tara yara masu laifi wuri guda, sukan koya wa juna, su ƙarfafa juna a kan ɓarna. Ɗan shekara 12 da ya yi abu sau ɗaya cikin rashin hankali, ka zaunar da shi kusa da ɗan shekara 17 da ya yi fyaɗe da makami, yana sauraron labarinsa dalla-dalla kowane mako, da wuya a ce alheri yake kwasa.

Yadda aikin yake a cikin gida

Scott Henggeler ne ya fara tsara MST a ƙarshen shekarun 1970 a garin Memfis, domin matasa masu manyan laifuka iri-iri. Borduin ɗalibinsa ne, shi ya karkatar da tsarin zuwa ga masu laifin lalata. Hujjarsu mai sauƙi ce: yaro yana ganin mai ba da shawara awa biyu ko uku a mako, sauran awannin duk yana hannun iyaye da malamai da abokai. Wanda ke son canza yaron, waɗannan mutanen zai yi aiki da su. Shi ya sa ma'aikaci ɗaya ba ya riƙe fiye da gidaje huɗu ko biyar a lokaci guda, yakan je gida sau da yawa a mako, a lokacin da ya dace da masu gidan ko da dare ne, kuma tawagar tana da lambar da za a kira a kowace awa.

A ce yaro ɗan shekara 14 ya ci zarafin 'yar ƙanwar mahaifiyarsa mai shekara bakwai, wadda ake kawowa gidansu. Abin da ma'aikaciya za ta fara da shi ba yaron ba ne. Za ta fara da tambayar wane ƙaramin yaro ne yake cikin haɗari yau da daddare. A zauna a rubuta tsarin tsaro, da sunan wanda zai kula da kowane ɓangare: wa ke kwana a wane ɗaki, wa ke gida tsakanin tashi daga makaranta da dawowar iyaye daga aiki, ba a sake barin yaron ya yi renon kowa, ƙofar banɗaki da wurin canza kaya, waya da intanet a hannun wa suke kwana. In wadda aka cutar a gidan take zaune, shi ne zai fita ya koma wurin dangin da babu ƙananan yara, har sai an tabbatar da tsaro. Ita kuma tana da nata mai ba da shawara dabam, kuma ba a haɗa ta da shi sai wannan mai kula da ita ya ce ta shirya.

Sai babban dutsen, wato musu. Kusan kowane gida da shi ake farawa. Uwa ta ce sharri aka yi wa ɗanta. Uba ya ce wasan yara ne aka mayar da shi babban abu. Wani ya ce ai yarinyar ce ba ta da kamun kai, yarinya 'yar shekara bakwai. A tsohon tsari yaron ake matsa wa sai ya amsa, alhali da yamma zai koma gidan da ake gaya masa bai yi komai ba. Ma'aikatan Borduin sun juya abin: iyaye suke fara lallaɓawa. Ba da faɗa ba. Sukan nemi sanin abin da musun yake karewa, ko tsoron ɗauri ne, ko kunyar dangi, ko uwar ita ma an taɓa yi mata irin wannan tana yarinya ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Sukan zauna da iyaye su bi bayanan kotu tare. Ko iyayen ba su yarda da komai ba tukuna, ana iya samun su yarda da tsarin tsaron, ko don kare ɗansu daga sabon zargi. Ranar da uba ya kalli ɗansa ya ce masa ya san ya yi, kuma ba zai yar da shi ba, ranar ce yaro yakan daina ƙarya. A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake. Hausawa kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma gaskiya ne, sai dai yawancin gidaje sun ɗauka rashin yankewa yana nufin a ce hannun lafiyarsa lau.

Bayan amsa laifi sai a warware yadda abin ya faru, daki-daki, tare da iyaye: me ya gabace shi, a ina, da wane lokaci, wace dabara yaron ya yi amfani da ita don keɓe yarinyar, wace ƙarya ya yi wa kansa. Ana yin haka ne don iyaye su gane alamun da ido, su san inda za su toshe. A nan ne ake gyara gurɓataccen tunani, a koya masa abin da yarda take nufi da dalilin da ya sa ƙaramin yaro ba shi da yardar da zai bayar, a yi masa bayanin balaga da yawancin iyaye suke jin nauyin yi. Idan lokaci ya yi, kuma wadda aka cutar da iyayenta suna so, akan shirya zama inda yaron zai faɗa da bakinsa cewa laifin nasa ne shi kaɗai, ita ba ta da laifin komai, kuma ta yi daidai da ta faɗa. Ba a neman ta yafe a wurin.

Ragowar aikin ba shi da wani armashi, amma shi ke cin mafi yawan lokaci. Uwa mai fama da ciwon damuwa ba za ta iya sa ido a kan kowa ba, sai an taimaka mata. Uba mai shaye-shaye haka. Iyayen da ba sa ga maciji da juna, ɗaya ya kafa doka ɗaya ya karya, sai an daidaita su. Yaron da ba shi da aboki ko ɗaya cikin sa'o'insa, kullum yana cikin ƙananan yara domin su ne ba sa yi masa dariya, sai an nemo masa ƙungiyar ƙwallo ko wata sana'a inda babba yake kallo. Wanda kuma abokansa 'yan daba ne sai an raba shi da su. Ma'aikaciya ba ta yin waɗannan da kanta. Iyaye take sa wa su yi, tana tsaye a bayansu, domin bayan wata bakwai ita za ta tafi.

Abin da kundin kotu ya nuna

Tun a 1990 Borduin da Henggeler sun buga wani ɗan ƙaramin gwaji da yara 16. Bayan kimanin shekara uku, ɗaya cikin takwas na rukunin MST ya sake laifin lalata, a ɗaya rukunin kuwa shida cikin takwas. Yara 16 ba su isa a kafa hujja ba, shi ya sa aka yi na 48 ɗin.

An buga sakamakonsa a 2009, bayan bibiyar kusan shekara tara. A rukunin da aka bi gida, kashi 8 cikin 100 aka sake kamawa da laifin lalata, wato mutum biyu. A rukunin ofis kashi 46, mutum 11. A sauran laifuka, kashi 29 ne da kashi 58. Kwanakin da 'yan rukunin MST suka yi a tsare sun gaza na ɗaya rukunin da kashi 80 cikin 100. Tawagar ta sake komawa kan kundin bayan kusan shekara 25, lokacin da yaran suka doshi shekara 40, ta buga a 2021: laifukan lalata na rukunin MST sun gaza da kashi 85, sauran laifuka da kashi 70, har ƙararrakin iyali irin na saki da riƙon 'ya'ya sun fi ƙaranci a wurinsu. Kowane laifi da bai faru ba a wannan lissafi, wani yaro ne ko wata mace da ba a cutar ba.

Amma kada a yi saurin tafi. Mutum 24 a kowane ɓangare kaɗan ne, in mutum biyu ko uku suka sauya layi alƙaluman za su girgiza. Wanda ya ƙirƙiro tsarin shi ne ya horar da ma'aikatan, waɗanda ɗalibansa ne na jami'a, shi yake duba aikinsu kowane mako, shi kuma ya rubuta sakamakon. Ba zargin maguɗi ba ne, sai dai sanannen abu ne cewa shiri yakan fi kyau a hannun mai shi. Sannan kashi 46 na rukunin ofis ya yi nisa ƙwarai da kashi 5 da Caldwell ya samu a nazarce-nazarcen da ya tattara. Yaran Kolumbiya na cikin mafi tsananin laifi, don haka ba kowane yaro da aka kama za a auna da su ba.

Gwajin da ya fi kusa da rayuwar yau da kullum shi ne na birnin Shikago a Amurka, wanda Elizabeth Letourneau ta jagoranta da matasa 127, kuma ma'aikatan wata cibiya ce ta gari suka gudanar da shi. Nan ma MST ya rage halayen lalata da kangara da shaye-shaye kamar yadda yaran da iyayensu suka bayar da rahoto, ya kuma rage yawan waɗanda aka raba da gida. Sai dai bayan shekara biyu, waɗanda aka sake kamawa da laifin lalata a rukunonin biyu sun yi ƙarancin da ba za a iya kwatanta su ba, a sauran kamun kuma ba a ga bambanci ba. Abin da ya fi jan hankalina a wannan gwaji shi ne da aka tona don a ga me ya kawo canjin. Abu biyu suka fito: iyaye sun fara tsayawa a kan dokar da suka kafa, kuma matsalar miyagun abokai ta ragu. A Ingila kuwa, babban gwajin MST na gaba ɗaya da Peter Fonagy ya jagoranta da iyalai 684, wanda aka buga a 2018, bai nuna ya fi abin da hukumomin ƙasar suka saba yi ba. Wancan ba a kan laifin lalata aka yi shi ba, amma ya nuna cewa inda aikin da aka saba yi yake da inganci, fifikon MST yakan dushe. Ni abin da na ɗauka shi ne sunan shirin ba shi ne maganin ba. Sa iyaye a tsakiyar aiki shi ne. Wani gwaji da aka yi a jihar Oklahoma ta Amurka ya ƙarfafa haka: yara 'yan shekara 5 zuwa 12 masu halayen lalata aka yi musu zama 12 kacal, iyayensu ma ana koya musu sa ido, bayan shekara goma kashi 2 cikin 100 ne aka samu da laifin lalata.

Yayin da masana suke tara wannan shaida, 'yan siyasar Amurka wata hanya suka bi. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta buƙaci jihohi su sa matasa daga shekara 14 da aka samu da manyan laifukan lalata cikin rajistar masu laifi. Binciken Letourneau a Karolina ta Kudu bai ga wannan rajista ta rage sake aikata laifi ba. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2013 ya tattara abin da takan jawo: kora daga makaranta, rasa aiki da wurin zama, barazana ga iyalin baki ɗaya, har da kashe kai. Duk abin da aikin gida yake ƙoƙarin ginawa, makaranta da abokan kirki da zaman lafiyar iyali, rajistar shi take rushewa.

In aka waiwayo gida

Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta tanadi kotun iyali da hanyoyin da ba ɗauri ba, Kano kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023. Akwai gidajen gyaran matasa na tarayya a Kaduna da Ilori da Abeokuta, akwai rajistar masu laifin lalata ta ƙasa da aka ƙaddamar a 2019. Ma'aikaci mai gidaje biyar kacal da wayar da ba ta mutuwa kuwa, tsada ce da ofisoshin walwalar jama'armu ba za su iya ɗauka yadda take ba.

Abin tsoron shi ne wani ya karanta labarin Misuri ya ce ai mu ma haka muke yi, a gida muke kashe magana. Abin da muke kira sulhu sau da yawa rufa-rufa ce: manya su taru, a ba da haƙuri, a ja kunnen yarinya kada ta sake faɗa don kada ta rasa miji, ba a kai ta asibiti ba, ba wanda ya tambayi yaron yadda aka yi. Yaran Kolumbiya duk sun bi ta gaban alƙali, kuma idon kotu yana kansu lokacin da ake aikin. An shiga gida ne don a fasa shirun da ke cikinsa.

Muna da abin da yawancin iyalan Misuri ba su da shi, wato yawan manya: kawu, goggo, kaka, malamin islamiyya, mai gidan sana'a. Idanu ne masu yawa in an gaya musu abin da za su kalla. Amma dubi abin da aka saba yi in abu ya fashe. A haɗa wa yaro kaya da asuba a tura shi ƙauye wurin baffansa, ko wani gari karatun allo, a ce ya je ya yi hankali, ba tare da an gaya wa mai karɓarsa dalili ba. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma a ɗakin da 'ya'yansa ƙanana suke kwana, matarsa ta riƙa bar masa renon goyo in za ta rijiya. A tsarin Borduin ma ana fitar da yaro daga gida in akwai buƙata, amma kafin ya taka ƙofar sai an zauna da mutanen gidan da zai koma, an gaya musu abin da ya yi ba tare da kwana-kwana ba, an ƙirga yaran da ke gidan da shekarunsu, sun kuma amince da tsarin tsaron. In akwai ƙaramin yaro a gidan kuma babu babban da zai iya sa ido, sai a nemi wani gidan.